Ilmin Kwamfuta: Kada Mu Sake Bin Layin Mai Rubuta Wasiƙa

Duk wanda ya yi wayo a zangunan ƙasar nan kafin zuwan wayar hannu zai tuna da mutanen nan masu zama a bakin gidan waya da ƙofar kotu, kowa da ɗan teburinsa da tsohuwar tafiretarsa. Idan mutum yana son aika wasiƙa, ko cika fom, ko kai kuka wani ofis, wurinsu yake zuwa ya tsuguna, ya zayyana musu sirrin gidansa, su buga da Turanci yadda suka fahimta, ya biya, ya dangwala hannu, ya tashi bai san abin da aka rubuta da sunansa ba. Iyayenmu da yawa sun sha bin wannan layi. Ba wai don jahilci ba, domin da yawansu suna karatu da rubutu da Larabci da ajami. Abin da ya faru shi ne hukuma ta canja harshe da haruffan da take aiki da su, mu kuwa muka yi nauyin ƙafa wajen shiga makarantar boko.

Abin takaicin shi ne, a da alƙalami a hannun kakanninmu yake. A farkon ƙarni na 19, Musulmin da ke zaune a Kumasi su ne ke rubuta wa Sarkin Asante wasiƙu da Larabci. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga kuma ya rasu a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi sukutum a kan yadda ake tsara wasiƙa. Jikokin waɗannan mutane ne suka koma suna biyan wani ya rubuta musu layi uku.

To, yau tafireta ta kau, amma layin yana nan. Ya koma shagon intanet na bakin titi, wanda yara ke kira kafe, kuma mai rubutun ya zama yaro ɗan shekara ashirin. Kwanan baya mun tsaya a irin wannan shago muna jiran a buga mana takarda, sai ga wani dattijo ya shigo da takardunsa cikin leda, yana son a ƙarasa masa neman fasfo.

"Ɗana, ka taimaka ka duba mini inda maganar nan ta tsaya."

"To Baba, mene ne imel ɗinka?"

"Wanda ka buɗe mini bara mana."

"Lambar sirrin fa?"

"Ai kai ka sa ta, ni ina na sani?"

Yaron ya yi ta sosa ƙeya, domin mutum nawa ya buɗe wa imel daga bara zuwa bana? Ƙarshenta sabo aka buɗe, aka faro komai daga tushe, aka sake biya. Dattijon nan mutum ne da ke riƙe da lissafin cinikin miliyoyin sidi a kansa ba tare da takarda ba. Amma a gaban wannan na'ura ya zama kamar baƙon da aka sauke a tasha da dare.

Hukuma ta riga ta ƙaura

Sanin kowa ne cewa aikin hukuma a Ghana ya daɗe da fara komawa cikin kwamfuta. Tun 2005 na'ura ce ke rarraba yaran da suka gama ƙaramar sakandare zuwa manyan makarantu. Sakamakon jarrabawa, neman gurbi a jami'a, neman fasfo, duk ta intanet ake farawa. Daga 1 ga Yuli 2022 bankuna suka daina karɓar kowace shaida sai Ghana Card. An fara haɗa layukan waya da wannan kati a Oktoba 2021, sa'an nan a tsakiyar 2023 aka rufe miliyoyin layukan da ba a haɗa ba, kuma kowa ya san cewa a yau layin waya shi ne jakar kuɗin talaka.

Akwai wani ɓangare na wannan lamari da ya fi cizon mu mutanen zango, wato maganar suna. Magatakarda ɗan Adam idan ya ga Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, Mahama a ta uku, zai iya duban fuskarka ya gane mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta duban fuska, a wurinta mutum uku ne. Daɗin daɗawa, fom ɗin zamani yana neman sunan iyali irin na Turawa, mu kuwa sunan mutum ne sai na mahaifinsa, wani lokaci a ƙara da na gari ko na sana'a. Idan yaron shago ya sa sunan uba a gurbin sunan yanka, ko ya juya rana da wata a ranar haihuwa, gyaransa sai an yi takardar rantsuwa, wani lokaci har sai an buga a gazet ɗin gwamnati, da kuɗi da zirga-zirga. Mu da dama can ake yawan yi mana tambayar asali a ofisoshi, ba mu da sararin da za mu bari takardunmu su riƙa musun juna saboda kuskuren yatsan wani.

Wani zai ce, ai yaranmu sun fi kowa iya waya. Gaskiya ne sun iya aika saƙon murya, sun iya ɗaukar bidiyo, sun san duk wata sabuwar rawa kafin ta kwana. Amma ka ba saurayi kwamfuta ka ce ya buga takardar neman aiki, ya adana ta da suna a inda zai same ta gobe, ya mayar da ita PDF, ya liƙa ta a imel, ka tsaya ka gani. Da yawa a nan suke tsayawa. An ƙera waya ne domin ta sauƙaƙa maka kallo da saye, ta ɓoye maka inda abubuwa suke ajiye. Aikin ofis da lissafin kasuwanci kuwa har yanzu a kan allon madannai da linzami ake yinsu.

Makaranta ma ba lallai ta fid da mu ba. Masu karatu za su tuna da Richard Appiah Akoto, malamin ƙaramar sakandare ta Betenase a Sekyedumase, yankin Asante, wanda hotunansa suka zaga duniya a Fabrairun 2018. Da alli mai launi ya zana fuskar Microsoft Word gaba ɗayanta a kan allo, da kowane ɗan akwati da sunansa, domin ɗalibansa za su rubuta jarrabawar ƙasa a kan kwamfuta alhali makarantar ba ta da ita. Kamfanin Microsoft ya ɗauke shi zuwa taron malamai a Singafo, masu kyauta kuma suka kai wa makarantar na'urori. Madalla da wannan malami. Amma makaranta nawa ce ba a ɗauki hotonta ba?

Halin masu ƙera kayan

Sai dai ilmin da muke kira a nema bai tsaya ga sanin inda za a danna ba. Rabinsa sanin halin kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya ne, domin suna da wasu ɗabi'u da ba mu saba gani a kasuwa ba. Idan ka sayi keken ɗinki, naka ne har jikokinka su gada, wanda ya ƙera shi ba ya sake leƙo gidanka. Kwamfuta da waya ba haka suke ba. Ka biya kuɗinka ka kai gida, amma igiyar tana hannun mai kamfani a Amurka, yana iya ja duk ranar da ya so.

Wasu daga cikin halayen nan abin dariya ne kawai. A Windows 95 idan kana son kashe na'ura, maɓallin da aka rubuta wa "fara" za ka danna. An yi Windows 8, aka tsallake 9, aka tafi 10, ba tare da gamsasshen bayani ba. Alamar adana aiki a manhajoji da yawa har gobe hoton wani ɗan faifai ne mai kusurwa huɗu wanda yaran yanzu ba su taɓa gani da ido ba. Waɗannan ba su cutar da kowa. Amma akwai waɗanda ke taɓa aljihu.

Babban misalin da ya shafe mu kai tsaye shi ne na Windows 10. Ya fito a Yulin 2015, har wani ma'aikacin Microsoft ya faɗa a taron kamfanin a wannan shekara cewa shi ne Windows na ƙarshe, wato gyara shi kawai za a riƙa yi. Shekara shida bayan haka, a Oktoba 2021, sai ga Windows 11. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kuma kamfanin ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba aikawa kowane wata. Ma'anar wannan ita ce, na'urar za ta ci gaba da kunnuwa tana aiki, amma duk wata sabuwar ɓaraka da ɓarayin intanet suka gano a cikinta, babu mai zuwa ya toshe. Kamar gida ne da maigadi ya ajiye aiki, ƙofa tana nan, kwaɗo yana nan, sai dai ɓarayin unguwa suna ta koyon yanka makulli. Kamfanin ya buɗe wata 'yar ƙofa ta ƙarin shekara ɗaya, zuwa Oktoba 2026, ga wanda ya biya dala 30 ko ya yarda ya ɗaure na'urarsa da asusun kamfanin.

To me zai hana kowa ya koma Windows 11? A nan gizo ke saƙa. Sabon ba ya hawa kowace na'ura. Yana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma yana neman ƙwaƙwalwar na'urar ta zama ta kusan 2018 zuwa sama. Saboda haka kwamfutoci masu ƙoshin lafiya, waɗanda babu abin da ya same su, suka wayi gari an ce sun tsufa. Wani kamfanin binciken kasuwa mai suna Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kimanin na'urori miliyan 240 ne wannan mataki zai iya mayarwa shara.

Mai karatu ya tambayi kansa, idan ofisoshin Turai da Amurka suka kwashe irin waɗannan na'urori, ina za su nufa? Mu da ke ganin kwantenonin gwanjo suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema mun san amsa. Wasu za su hau kanta a Circle a nan Ankara ko a Adum ta Kumasi, an goge su suna ƙyalli. Waɗanda suka mutu kuwa su faɗa hannun masu fasa su domin jan ƙarfe, irin aikin da samari, akasarinsu daga Arewa, suka yi shekaru suna yi cikin hayaƙi a Agbogbloshie kafin a rushe wurin a Yulin 2021.

Uban da ya tara kuɗi da gumi zai saya wa 'yarsa kwamfutar cinya domin shiga jami'a, ya kamata ya san abu ɗaya tak kafin ya zaro kuɗi. A jikin na'ura, ko a cikin shafin bayaninta, akwai sunan ƙwaƙwalwarta, alal misali i5-6300 ko i5-7200 ko i5-8250. A waɗannan misalai, lambar farko da ke bin ɗan karan nan ita ce tsararta. Tsara ta 6 da kusan duk ta 7 ba sa cikin jerin da kamfanin ya amince da su, daga ta 8 zuwa sama ne suka shiga. Kuma kada ganin Windows 11 a fuskar na'ura ya ruɗe ka, domin akwai dabarar cusa shi a tsohuwa ta bayan gida, kamfanin kuwa ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin aika wa irin waɗannan gyara ba. Wanda ya san wannan zai yi ciniki da ido buɗe, ya rage farashi ko ya wuce gaba. Wanda bai sani ba zai biya kuɗin doki ya koma gida da jaki.

Ba Microsoft kaɗai ke da irin wannan hali ba. A Disamba 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin wayoyin iPhone da gangan. Hujjarsa ita ce don kada su riƙa mutuwa ba zato saboda batirinsu ya gaji. Wataƙila da gaskiyarsa, amma bai gaya wa masu wayoyin ba, mutane da yawa suka ɗauka wayar ce ta ƙare alhali canjin batiri kawai take so. Hukumar Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020 saboda wannan ɓoyo. A Satumba 2016 kuma wasu firintocin HP suka ƙi karɓar tawadar da ba ta kamfanin ba, bayan sun daɗe suna aiki da ita lafiya. Aka yi ca, kamfanin ya ba da haƙuri, amma tsarin bai mutu ba. Duk mai shagon buga takardu ya san cewa firinta ba ta da tsada, tawadarta ce ke cinye riba.

Sa'an nan ga ɗabi'ar rufe shago ba sallama. Microsoft ya sayi Skype a 2011 a kan dala biliyan 8.5, manhajar da iyalai da yawa suka fara ganin fuskar ɗansu na Jamus ko Amurka ta cikinta, ya kuma rufe ta a Mayun 2025. Google ya sanar cewa daga Disamba 2023 yana iya goge duk asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba, da wasiƙunsa da hotunansa. A tuna da dattijon nan na shagon intanet, a kuma tuna da duk wanda aka taɓa ajiye masa hoton takardar fili ko shaidar makaranta a imel ɗin da bai san lambar sirrinsa ba.

Ko ma'aikatansu ba su tsira ba, kuma wannan a gabanmu ya faru. A Afrilun 2021 Twitter ya sanar cewa a Ghana zai kafa ofishinsa na farko a Afirka, aka yi ta murna da alfahari. Elon Musk ya sayi kamfanin a Oktoba 2022 a kan dala biliyan 44. A farkon Nuwamba ma'aikatan Ankara, waɗanda ba su kai mutum 20 ba, suka shiga sabon ofishinsu, kafin mako ya zagayo an sallami kusan dukkansu. Sai a Fabrairun 2024 aka ji labarin an biya su haƙƙinsu. Sunan kamfanin ma ya koma X tun 2023.

Ba muna cewa mutanen nan mugaye ba ne. 'Yan kasuwa ne, mu ma 'ya'yan 'yan kasuwa ne, mun san cewa kowa ribarsa yake dubawa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mu shiga ciniki da wanda ya san komai a kanmu alhali ba mu san komai a kansa ba. Doguwar yarjejeniyar nan da ke fitowa kafin a fara amfani da kowace manhaja, wadda kowa ke danna "na yarda" bai karanta ba, ita ce dangwala hannun wannan zamani.

Haruffanmu uku

Akwai kuma maganar harshenmu. Allon madannan da ke zuwa da na'ura an tsara shi ne domin Turanci, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Saboda haka muka saba rubuta Hausa ba lanƙwasa, har baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, mai karatu ya yi ta lalube. Da yawa sun ɗauka na'urar ce ba ta iya ba. Ta iya sarai, ba a dai nuna mana ba ne. Windows yana da allon madannai na Hausa a cikinsa, sai dai yana ɓoye a wurin zaɓen harsuna. A waya ma manhajar rubutu ta Gboard tana da Hausa. A cikin Word kuwa, idan ka bar fili ka buga 0253 ka danna Alt da X tare, ɓ zai fito, 0257 ya ba ka ɗ, 0199 ya ba ka ƙ. Wannan abu ne na minti biyu, amma muna da malamai da suka shekara goma suna bin takarda da biro suna lanƙwasa haruffa bayan an buga.

Abin da ke hannunmu

Gwamnati tana nata ƙoƙari. Tun 2003 aka buɗe cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kofi Annan a Ankara da taimakon Indiya, a Afrilun 2025 kuma Shugaba John Mahama ya ƙaddamar da shirin koya wa mutum miliyan ɗaya rubuta manhaja. Muna kira ga samarinmu da 'yan matanmu su shiga, kada a bar mu a baya kamar yadda aka bar mu a boko. Amma wannan hawa na sama ne. Abin da muke magana a kai shi ne tsanin farko, wanda babu shirin gwamnati da zai kawo shi har cikin lungunan Nima ko Aboabo ko Sabon Zango.

Kuma a nan halin kamfanin nan zai iya zame mana gobarar Titi. Na'urorin da aka ce sun tsufa ba su da wata cuta, kuma dole farashinsu ya sauko. Akwai wani tsarin tafiyar da kwamfuta mai suna Linux wanda kyauta ne, babu kamfani ɗaya da ya mallake shi, kuma yana tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori. Nau'insa da ake kira Ubuntu ma wani ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya assasa shi a 2004, akwai kuma Linux Mint wanda fuskarsa ta yi kama da Windows da aka saba. Da LibreOffice, wanda shi ma kyauta ne, ana buga wasiƙa ana yin jadawalin lissafi ba tare da biyan kuɗin wata-wata ba. Ba za mu ɓoye ba, akwai manhajojin da ba sa hawa kansa, kuma sai an sami mai sani ya girka shi da farko. Amma domin koyo ya isa har ya yi saura.

Kowane zango yana da ɗakin makaranta da ke zama a rufe bayan sallar isha, yana da ƙungiyar matasa da ke tara kuɗin ƙwallo da na biki, yana da aƙalla saurayi ɗaya ko budurwa da ya karanta wannan fanni yana zaune ba aiki. Na'ura biyar, da mai koyarwa da za a riƙa ba shi ɗan abin sabulu, da wanda zai ɗauki nauyin kuɗin wuta, sun isa a fara. A watan farko kada a wuce abubuwa kaɗan: kowa ya buga cikakken sunansa daidai da yadda yake a Ghana Card, ya buɗe imel da hannunsa, ya zaɓi lambar sirrin da shi kaɗai ya sani, ya koyi ajiye kwafin takardunsa a wuri biyu, ya kuma gane saƙon 'yan damfara masu cewa sun turo kuɗi bisa kuskure.

Idan za a rubuta sunayen ajin farko, a ganinmu kada a fara da samari, su za su zo ko ba a kira su ba. A fara da iyayenmu mata masu sayar da waken-shinkafa da atamfa da masu riƙe kuɗin adashi, waɗanda cinikinsu ya koma cikin waya amma har yanzu suke miƙa wa yaron maƙwabta ya duba musu ko kuɗi sun shigo. A sa musu nasu lokaci dabam da hantsi, bayan an tashi daga cinikin safe, kuma mace ta koyar da su.